Yadda za ka je ƙauyen kan dutse ba ka sha wuya ba

Da farko dai kar ka yi gangancin tafiya da damina, hanyar dutse in ta jiƙe ko babbar mota sai ta maƙale. Ka tashi da asuba, ka ɗau rigar sanyi ko da zafi ake a ƙasa, don duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, in ka wuce mita 2,500 kuma ka bi a hankali, ciwon kai da haki ba wasa ba. Sabis kuwa sai haƙuri, ka sauke taswira a waya tun a gida, ka riƙe tsabar kuɗi. Ka samu ɗan gari ya zaga da kai rafi da tsaunuka, kuma ka nemi izini kafin ka ɗau mutane hoto.