Yadda Ake Shirya Sujadar Daren 31 ga Disamba ta Tunawa da 'Yanta Bayi a Amurka

Sujadar tsaron dare ta ƙarshen shekara tsohuwar al'ada ce da John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Methodist, ya karɓo daga Kiristocin ɗarikar Moraviyawa a ƙarni na 18, amma a majami'un baƙar fata na Amurka ta sami wata ma'ana tun daren 31 ga Disamba, 1862, lokacin da bayi da 'yantattu suka kwana suna addu'a, suna jiran Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan sanarwar 'yanta bayi washegari.

Faston da ke son shirya wannan sujada ya fara da zama da dattawan ikkilisiya da shugaban mawaƙa tun farkon Disamba, domin hidimar Kirsimeti kan cinye lokaci. A tsayar da ƙarfe goma na dare a matsayin lokacin farawa, a kuma raba karatun Littafi Mai Tsarki tsakanin tsofaffi da matasa. Fitowa 12:42 ita ce ginshiƙi, tun da tana maganar daren da Isra'ilawa suka yi tsaro kafin fitarsu daga Masar. Luka 4:18-19 za ta dace da wa'azi.

Sashen tarihi ne ya fi bukatar kulawa, kuma a ganina nan ne masu shiri suka fi yin sakaci. Wanda aka ba wannan aiki ya gaya wa jama'a cewa a zamanin bauta ranar 1 ga Janairu ranar fargaba ce, domin a cikinta iyayengiji ke ba da hayar bayi ko su sayar da su, a raba uwa da ɗanta. Ya kuma faɗi gaskiya cewa sanarwar Lincoln ta shafi jihohin da suka yi tawaye a yaƙin basasar Amurka ne kawai, ta bar irin su Kentucky da Delaware, inda bauta ba ta ƙare ba sai da aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na 13 a Disamba, 1865. Idan aka ɓoye wannan, addu'ar neman adalci ga masu shan wariyar launin fata a yau za ta rasa tushe.

Bayan haka a ba da dama ga masu shaida, kowa minti biyu, sannan a ware baikon daren ga wani aiki takamaimai, kamar tallafa wa iyalan fursunoni.

Idan saura minti biyar sha biyu ta cika, a rage fitilu, jama'a su durƙusa. Fasto ya yi ta tambayar mai tsaro ko ƙarfe nawa ne, bisa Ishaya 21:11, wani dattijo daga bayan majami'a yana amsawa minti bayan minti, har ya sanar cewa tsakar dare ta yi, a tashi da waƙa.