Yadda za ka bi tarihin fina-finan batsa na Filifin ba tare da ka rikice ba

In kana son gane wannan ɓangaren na tarihin fim a Filifin, toh abu na farko kar ka yi musu kuɗin goro, su kansu 'yan ƙasar kowane zamani da sunan da suka ba shi, kuma sunan ne zai nuna maka yanayin da hukumar tace fina-finai take ciki a lokacin. Ka samu takarda ka ja layi a tsakiya, fina-finai a gefe guda siyasa a ɗaya gefen. Ba sai ka kalli komai ba, karatu kawai ya isa.

Ka fara da abin da suke kira bomba. Fim ɗin Uhaw na 1970 wanda Merle Fernandez ta fito a ciki shi ake cewa ya buɗe ƙofa, amma abin bai je ko'ina ba don a Satumban 1972 shugaban ƙasa Ferdinand Marcos ya kafa dokar soja aka taka musu birki. Sai 'yan fim suka ɓullo ta bayan gida, wai ba tsiraici, amma a sa wa jaruma farar shimi shara-shara a tura ta cikin kogi ko ruwan sama. Gloria Diaz da ta ci gasar Miss Universe a 1969 ita ta yi fice da wannan salon a 1974. Daga nan aka koma kiransu bold.

Inda ya kamata ka tsaya sosai shi ne 1981 zuwa 1986. Imelda Marcos, matar shugaban ƙasa, ta matsa lallai sai an gama ginin Manila Film Center kafin bikin fina-finan da ta shirya a Janairun 1982, ana ta sauri dare da rana har wani ɓangare ya rufta kan leburori a Nuwamban 1981, mutane suka mutu, aka ci gaba da aiki. Toh kaga a wannan ginin ne daga baya aka riƙa haska fina-finan da almakashin hukuma bai taɓa ba, don a samu kuɗin shiga, gwamnatin da ke wa'azin tarbiyya ita ce ke sayar da tikiti! Scorpio Nights na darakta Peque Gallaga da Anna Marie Gutierrez ta ja a 1985 a nan ya fito, kuma masu sharhi har yau suna kallonsa a matsayin hoton talauci da cunkoson gidajen haya a Manila.

Su kuma jaruman kar ka tsaya a fim ɗin da ya fito da su, ka bi su ka ga ina suka ƙare. Akwai 'yan matan da manajansu Rey dela Cruz ya laƙaba wa sunayen lemon kwalba, Pepsi Paloma da Sarsi Emmanuelle da Coca Nicolas, Pepsi ɗin nan tana ƙaramar yarinya aka sa ta a harkar, ta rasu a 1985 ko shekara ashirin ba ta kai ba. Ita kuwa Jaclyn Jose da ta fara a irin fina-finan nan, a 2016 ta ɗauki kyautar gwarzuwar jaruma a bikin Cannes na Faransa.

Shekarun 1990 ba za su ba ka wahala ba, kamfanin Seiko Films da jaruma Rosanna Roces ne a gaba, sunan kuma ST (sex trip) ko TF (titillating film). A 2004 sinimomin SM, kamfanin manyan kantuna na ƙasar, suka daina haska fim mai lambar R-18, wato na 'yan shekara 18 zuwa sama, kasuwar ta faɗi, sai a 2021 ta dawo ta waya da manhajar Vivamax.

In za ka yi bincike a intanet kar ka rubuta sunan jaruma zalla, tarkace zai fito maka. Ka haɗa da shekara da sunan darakta, ko ka ƙara MTRCB, hukumar tacewar da aka kafa a 1985.