Jinyar kyanwar da ta ji rauni, daga ranar farko har ta warke

Kyanwar da mota ta buge, ko ƙofa ta datse, ko kare ya cafka, ba ta gane mai ita a wannan lokacin. Za ta yakushe ka ko ta cije ka saboda zafin ciwo. A lulluɓe ta da tawul ko tsohon zani, a tallabo ta da hannu biyu, a sa ta cikin kwali mai ramukan iska. Kada a ɗaga ta ta fatar wuya. Idan jini na zuba, a danna tsumma mai tsabta a wurin na minti 5 zuwa 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, domin duk ɗagawa tana ɓalle jinin da ya fara daskarewa.

Ko da ta miƙe ta yi tafiyarta, a kai ta wurin likitan dabbobi a ranar. Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, kuma raunin da ke kisa sau da yawa a ciki yake. Lafiyayyar kyanwa tana numfashi sau 20 zuwa 30 a minti ɗaya idan tana kwance. In ya wuce 40, ko tana haki baki buɗe, kada a jira gari ya waye. A duba dasashinta: ruwan hoda ya kamata ya zama, in ya yi fari fat wataƙila jini na zuba a ciki. In kuma ta kai awa 24 ba ta yi fitsari ba, mafitsara na iya fashewa ko jijiya ta taɓu, musamman idan ƙugu ya karye.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen magani. Kada a taɓa ba kyanwa Panadol ko wani parasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, sai ya lalata jininta, dasashi ya yi duhu, fuska da ƙafafu su kumbura. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta. Ibuprofen ma haka, shi ƙoda da ciki yake ci. Dettol da Izal kuwa guba ne gare ta, tunda duk abin da ya taɓa jikinta sai ta lashe shi. Baƙin mai da toka ba su da wuri a kan rauni. Maganin zafi na kyanwa akwai shi, likita ne zai auna mata gwargwadon nauyinta.

Don wanke rauni, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, a kwarara da sirinji marar allura sau biyu a rana. In an yi ɗinki, yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin a cire zaren, kuma a duk kwanakin nan kwalar roba mai siffar mazurari, wadda ke hana ta lasar ɗinkin, ta zauna a wuyanta dare da rana. Za ta yi ta ƙoƙarin cire ta, kada tausayi ya sa a cire mata, harshenta kaushi gare shi, cikin 'yan mintoci za ta warware ɗinkin. Lokacin zafi a yafa gidan sauro a kan kejin da aka ajiye ta, don ƙuda na yin ƙwai a rauni, kafin kwana biyu tsutsa ta fito. In cizo ne, ramin haƙori ƙanƙane ne, yakan rufe daga sama ya tara mugunya a ƙasa bayan kwana 2 zuwa 4. In kare ne ya cije ta, a faɗa wa likita saboda ciwon haukar kare. Kai ma in ta cije ka, ka wanke wurin da sabulu na minti 15 ka tafi asibiti.

Karaya hutu take so, sau da yawa mako 6 zuwa 8 a keji ko lungun da babu abin hawa, da shimfiɗa, da ruwa, da kwanon yashi marar zurfi don bahaya. Bayan mako biyu za ta ga kamar ta warke, ta yi ta kuka, alhali ƙashin bai gama haɗuwa ba. A ba ta dafaffen kaza ko kifi marar ƙaya da ɗan ɗumi, ban da albasa da tafarnuwa, ban da madara don tana sa ta zawo. In ta yi kwana biyu ba ta ci komai ba a koma asibiti, yunwa na taɓa hantar kyanwa da sauri.

Sai kuma damuwar mai ita. Wani shi ya tada motar, wata ita ta rufe ƙofar, sai mutum ya kasa barci. Wasu ma in sun ji kukanta a keji sai su tuna hadisin matar da ta kulle kyanwa, su buɗe mata. Waccan hana ta ci ta yi har ta mutu. Wanda ya killace tasa don ƙashi ya haɗu, yana ba ta abinci da ruwa, jinya yake yi. Abin da ya faru ba da ganganci ba ne, kuma a faɗa wa likita yadda aka yi ba ɓoye-ɓoye, ko da an riga an ba ta Panadol, domin da wannan bayanin zai san abin da zai fara yi. A zauna kusa da kejin minti goma safe da yamma ana yi mata magana a hankali. In hunturu ya shigo kuma, a riƙa buga bonet kafin a tada mota, kyanwoyi kan shige can neman ɗumin inji.