Yadda Ake Cire Tsatsa a Jikin Tsohuwar Ƙaramar Mota

Masu tsofaffin motoci irin su Beetle da Mini sun yi ta tambaya, to ga matakan:

1. Wanke motar, ka bari ta bushe sarai.
2. Ɗaga kafet ka duba ƙasanta, sannan ka leƙa ƙarƙashin ƙofofi da bakin tayoyi. Nan ruwa ke kwanciya.
3. Danna wurin da ya yi tsatsa da sukundireba. In ya burma, aikin mai walda ne.
4. Sa tabarau da takunkumi.
5. Kankare da burushin ƙarfe.
6. Goge da samfefa mai lamba 80 har ƙarfen ya yi fari tas. Ka zarce gefen tabon kaɗan, domin tsatsa na bi ta ƙarƙashin fenti.

Hattara: nan aka fi yin kuskure. Kada ka shafa fila (kwaɓin da ake cike lotsawar jikin mota da shi) a kan sauran tsatsa ko ka toshe rami da ita. Ba a jimawa fentin zai kumbura, aikin ya dawo sabo.

7. Shafa maganin kashe tsatsa.
8. Fesa fentin shimfiɗa a ranar, kada ƙarfen ya kwana tsirara.
9. Lallaɓa da samfefa mai lamba 400.
10. Fesa fenti sama-sama, sau biyu ko uku, kana barin kowanne ya sha iska.

In za a yi walda, a cire batir, a nisanci tankin mai.