Kurakuran da ke kayar da masoya ƙwallo a wasan ɓoyayyun kalmomi na jaridun Ingila

Wani abokina da ya daɗe a Ingila ne ya fara haɗa ni da wannan wasa ƙwaƙwalwa da suke kira cryptic crossword. Fili ne mai gurabe 15 a kwance, 15 a tsaye, kowane layi da jimlar da ke nuna kalmar da za a cike shi da ita. Jaridar The Times ta fara buga nata a 1930, kuma har yau ita da Guardian da Telegraph ba su fasa ba. Da ya ce min na ranar duk a kan wasanni ne, sai na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, ni da gidan kallon ƙwallo ya zame min gida na biyu.

Jimlar farko ita ce: Winger caught before fight (4). Na ga ɗan wasan gefe, haruffa huɗu. Saka, Mane, Musa, duk sun shiga. Na ɗauki biro na rubuta SAKA, na ma danna shi sosai. Bayan kusan awa guda kalmomin da ke ratsa ta suka ƙi zama, takarda ta koma kamar kaji sun yi tono a kai. Amsar ashe CROW ce, wato hankaka.

Kuskuren da ya fi kayar da mutane ke nan, karanta jimlar kamar kanun labarin wasanni. Labarin da ke samanta tarko ne, da gangan aka ɗana shi. Kowace jimla tana da sassa biyu: ma'anar amsa, wadda kusan kullum take a farko ko a ƙarshe, sai kuma umarnin yadda za a haɗa haruffanta. A nan winger na nufin mai fiffike, tsuntsu ke nan. Caught na ba da C, domin haka ake taƙaita shi a takardar sakamakon kurket, wasan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da faffaɗar sanda. Fight kuma ROW ne, wato rigima. C a gaba, ROW a baya. Mu da muka tashi da kacici-kacici mun san wannan dabarar, don wanda aka ce wa "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" ba ya tafiya ruga neman amsa, tsintsiya zai duba. Bambancin kawai, a nan hanyoyi biyu ne suke kai ka gida ɗaya, kuma dole duka biyun su kai. Gyaran shi ne ka rufe jimlar da yatsa, ka bar kalmar farko ita kaɗai, ka tambayi kanka me kuma take nufi ban da abin da ka saba. Sannan ka yi wa ta ƙarshe haka. Striker kan zama ashana, tunda ita ma ƙyasta ta ake yi. Bowler kan zama hula. Supporter kan zama TEE, ɗan abin da ake ɗora ƙwallon golf a kai.

Biro kuma, a ajiye shi. Fensir.

Kuskure na biyu shi ne raina wasan kurket. Mu nan Firimiya muka sani, amma masu tsara wasan nan da kurket suka girma, kuma ko jigon ranar ƙwallon ƙafa ne sai sun tsoma shi. Ba sai ka iya wasan ba, ni ma har yau ban zauna na kalli guda ɗaya ya ƙare ba. Haddace 'yan haruffa kawai za ka yi: bowled B, run R, wicket W, maiden M, over O, leg kuma ON. Duck ba agwagwa ba ce, sakamakon ɗan wasan da ya fita bai ci komai ba ne, don haka O take bayarwa saboda kamarta da sifiri. Haka love a tanis. Team ko side sukan ba da XI, 'yan wasa 11 a lambar Romawa, United kuma U. Ga wadda na tsara don gwaji: Game needs parking – nothing left, love! (4). Parking P, nothing O, left L, love O. POLO ke nan, wanda mutanen Katsina da Kaduna ba sa buƙatar a yi musu bayaninsa. Waƙafi da alamar motsin rai da ke ciki kwalliya ce, kada su tsayar da kai.

Akwai kuma masu tsallake kalmar da ke ba da umarni. A Sent in, confused, for court game (6), kalmar confused ce ke cewa a dagula haruffa. Kirga na sent in: shida, daidai da lambar da ke ƙarshe. Juya su, TENNIS ta fito. Duk kalmar da ke nuna rikicewa, karyewa, maye ko hauka, ka zarge ta, ka kirga haruffan maƙwabciyarta. Lambar nan ta ƙarshe mutane da yawa ba sa ko kallonta, alhali ita ce kyautar da aka ba su a fili. In ka ga (3,4), kalmomi biyu ake nema.

Wata kuma amsar tana gabanka kana neman ta a nesa, kamar mai neman hula tana kansa. Nigerian striker found in Balkan uplands (4). Za ka iya ɓata yini kana tunanin wane ɗan Najeriya ne ya taɓa buga wasa a Sabiya ko Kuroshiya. Dubi ƙarshen Balkan da farkon uplands: KANU, wanda ya ci wa Portsmouth ƙwallon da ta ba ta kofin FA a 2008. Found in ce ta faɗa maka yana kwance a ciki. Lura cewa a nan striker ɗan ƙwallon ne da gaske, don haka kada wanda hankaka ya taɓa yaudara ya riƙa ganin ashana a ko'ina.

Juyawa baya tana da nata ruɗin. Game to whip back (4): whip shi ne FLOG, bulala, a karanto shi daga dama ya zama GOLF. Masu gaggawa sukan gano kalmomin biyu, sai su rubuta FLOG. Wadda ke manne da back ita ake juyawa, ɗayar ita ce ma'ana. A layin tsaye kuma up ko rising za ka fi gani, tunda daga ƙasa zuwa sama ake karantawa.

Sai wajen yi wa wani bayani, inda na fi jin haushi. Mutum ya tambaya, a ce masa "GOLF ce" a yi shiru. Wannan kamar a kacici-kacici ne ka karɓi gari ka ƙi faɗar dalili. Fara nuna masa wace kalma ce ma'ana, ka bar shi ya sake gwadawa. In ya kasa, faɗa masa irin dabarar, dagulawa ce ko ɓoyewa ko juyawa. Amsa ita ce ta ƙarshe, kuma ka bi jimlar kalma bayan kalma kana faɗin aikin kowace. In wata ta rage ba ka san me take yi ba, to kai ma cinka ka yi, ka faɗa masa hakan. Ni da na yi wa SAKA wannan binciken, da tun a caught zan tsaya.