Yadda za ka tallafi ɗan'uwanka da tashin hankali ya jefa shaye-shaye

Jama'a in ƙanenka ko ɗanka ya faɗa ƙwaya, kafin ka ɗauko dorina ka fara bincika mi ya same shi, don wallahi da yawansu barci kawai suke nema.

Ciwon ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu wajen Batsari ko Jibiya, ko aka sace shi aka biya kuɗin fansa ya dawo, wannan da ya rufe ido sai abin ya dawo mashi sabo, ƙarar babur kaɗai ta isa gabanshi ya faɗi, to ranar da aboki ya miƙa mashi rochi, wato ƙwayar sa barci, ya yi barci har safe shikenan an kama hanya. Akwai wanda ya tashi cikin duka da zagi, ko aka yi mashi fyaɗe yana yaro ya haɗiye bai faɗa ma kowa ba, shi wannan bai ma san yana da ciwo ba, gani yake shi ne banza, kuma jinyarshi ta fi daɗewa. Ga mata da mutuwar aure ko rasuwar ɗa ta sa suna shan kodin a ɗaka, duk da an hana sirop ɗin tun 2018.

Ka same shi ku biyu, ba gaban mutane ba, ka ce "Ƙanena, yaushe rabonka da barcin kirki?" sai ka yi shiru ka saurara. Kar ka matsa mashi sai ya ba ka labarin dalla-dalla, tonon da ƙarfi na iya maida shi baya.

Kar ka ce ya daina rana ɗaya. Mai shan rochi ko diyazefam kullum in ya yanke kwatsam zai iya yin jijjiga, likita ne zai rage mashi a hankali. Ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Katsina ku nemi likitan ƙwaƙwalwa, kuma don Allah ku gaya mashi abin da ya faru da yaron, ba sunan ƙwayar kaɗai ba. Addu'a a ci gaba da ita, a haɗa da magani.

Gidan mari kam a'a. Mun ga waɗanda 'yan sanda suka fiddo da sarƙa a ƙafa a Daura a 2019, mutumin da duka ya raunata ba za ka warkar da shi da wani dukan ba.

In ya koma sha bayan ya daina, ku duba mi ya tado abin, labarin wani sabon hari ne ko rigimar gida, ku sake maida shi wurin likita cikin satin.