Yadda za a auna cin ƙasar da teku ke yi da tsohuwar taswira

Masu tambaya sun yi yawa, to ga matakan. Na ɗauki gaɓar Keta ta Ghana misali, inda teku ya cinye wani ɓangare na ganuwar Prinzenstein da 'yan Denmark suka gina a 1784.

1. Sauko da tsohuwar taswirar yankin. Jami'ar Texas ta sa na sojojin Amurka a intanet kyauta.

2. Duba gefen takardar, ka rubuta shekarar da aka yi awon ƙasar.
Hattara: shekarar bugawa daban, ta awo daban. Nan aka fi kuskure.

3. Buɗe Google Earth Pro, manhajar da ke nuna hotunan ƙasa daga sama, a kwamfuta, ka nemo Keta.

4. Ɗora hoton taswirar a kai da Image Overlay, wato zaɓin ɗora hoto da ke cikin manhajar.

5. Rage duhunsa har ka riƙa hango na ƙasa.

6. Zaɓi alamomi huɗu ko fiye da ba sa motsi: mahaɗar hanya, coci, gada.
Kada ka kuskura ka dogara da bakin kogi ko tudun yashi. Su ma tafiya suke yi.

7. Ja kusurwoyin hoton har alamomin su hau kan juna.

8. Zana layin gaɓar dā da ja.

9. Zana na yau da shuɗi, ka bi iyakar jiƙaƙƙen yashi.

10. Auna tazarar layukan a wurare da dama.

11. Raba ta da yawan shekarun da ke tsakanin shekarar awo da ta hoton Google Earth, ka samu yawan ƙasar da teku ke ci a shekara.
A taswira mai ma'aunin 1:250,000, milimita 1 mita 250 ce a ƙasa. Canjin da bai kai haka ba, kada ka kafa hujja da shi.

12. Kai wa dattawan masunta sakamakon. Sun san inda gidajen iyayensu suke a dā.